Takunkumin waje ko shingen gida: wanne za mu sa a layin farko?

Dan_Gadarif:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Mu 'yan kasuwar riɗi a nan Gadarif ta ƙasar Sudan an ce mu rubuta buƙatunmu a takarda ɗaya, za a miƙa wa hukuma kafin kaya su cika kasuwa. Jiya bayan la'asar muka zauna a rumfar wani dattijonmu, sai muka rabu gida biyu. Wasu suka ce a fara da maganar takunkumi da harajin kashi 10 cikin 100 da Trump ya sanar a Afrilun 2025 a kan kayan kusan kowace ƙasa har da tamu, a roƙi gwamnati ta riƙa ba mai fitar da kaya wani abu ya rage asara. Ni kuwa na ce tunda nake ban taɓa sayar wa Ba'amurke ko mudu ɗaya ba. Riɗinmu Sin yake tafiya, da Masar da Saudiyya da Turkiyya. Abin da ke cinye min riba yana tsakanin Gadarif da Bur Sudan. To ku da kuka san harkar, wanne ya kamata ya hau layin farko?

Direban_Haya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Shingaye. Makon jiya na ɗauko lodi daga kasuwar amfanin gona, takarduna cif, na zakka, na haraji, na kasuwa, na jiha. Na bi ta Kassala, kafin in sauka gangaren Aƙaba da ke kan hanyar Bur Sudan na tsaya ya fi sau goma. Kowa da igiyarsa da durom biyu da littafin rasit. A wani wurin tun azahar aka ajiye ni har gari ya waye, wai hatimi ɗaya bai fito sosai ba. Na kwana ƙarƙashin mota, yaron motata na gadin tamfol. Mai kaya ne ya biya, shi kuma a farashin manomi zai fanshe.

Ustaz_Riyad:
Alhaji Dan_Gadarif, gaskiyarka a kan harajin Trump, amma kada ka haɗa shi da takunkumi a buhu ɗaya. Na yi shekaru a sashen kasuwancin waje na wani banki a Khartum kafin yaƙi ya koro mu nan, bari in faɗa maka yadda takunkumi ya shiga aljihunka kai da ba ka taɓa ciniki da Amurka ba.

Amurka ta sa mu cikin jerin masu goyon bayan ta'addanci a 1993. A Nuwamban 1997 Clinton ya hana ciniki da mu gaba ɗaya. Duk da haka shekaru da yawa ana lallaɓawa, don akwai bankunan Turai da na Larabawa masu tsaya mana a waje. Abin da ya karya ƙashin bayan harkar shi ne 2014, lokacin da aka ci tarar bankin BNP Paribas na Faransa kusan dala biliyan 9 saboda mu'amala da Sudan da Iran da Kuba. Daga nan kowane banki ya ɗauke hannunsa. Dala duk inda za ta je sai ta ratsa ta Niyok, ba kuma wanda zai sayi rigimar biliyoyi don kamashon kwantena biyar na riɗi. An ɗage takunkumin a Oktoban 2017, an cire mu daga jerin a 14 ga Disamban 2020 bayan mun biya diyyar dala miliyan 335, amma tsoron bai fita daga zukatansu ba. Da idona na ga takardar lamuni ta dawo ba a ko duba sunan mai kaya ba, an dai ga kalmar Sudan.

Shi ya sa kusan kowane babban mai fitar da kaya ya buɗe ofis a Dubai. Mai saye a Sin ya biya kamfanin Dubai, shi kuma ya turo dirhami. Kowace tsayawa da kamashonta, kuma kai kake biya, a cikin farashin kintar (ma'aunin nauyin kaya) da ake yi maka.

Dan_Gadarif:
Ustaz, Allah ya ƙara ilimi. Wallahi ban taɓa lissafa shi haka ba. Ni dai na san wanda nake sayar wa a Bur Sudan kullum cewa yake kuɗi ba su iso ba.

Ustaz_Riyad:
Wani lokacin da gaskiyarsa. Ka tuna a Mayun 2025 gwamnati ta yanke hulɗa da Daular Larabawa, a Agusta su kuma suka tsayar da jiragen sama da na ruwa tsakaninsu da mu. A lokacin mafi yawan zinaren da ke fita ta hanyar hukuma can yake zuwa, kwantenoni da yawa ma ta tashar Jabal Ali ta Dubai suke canja jirgi. Ƙofa ɗayar da muka jingina da ita ce ta ƙuntata.

Baba_Maiurno:
'Ya'yana, ku bar ni in tsoma baki, na girme ku duka a zauren nan. Duk tsananin takunkumin 1997 an bar wa ƙaro ƙofa, domin masana'antun lemon kwalba da alewa da magani ba su da abin da zai maye gurbinsa. Wato abu ɗaya da duniya ba ta rufe mana ba ke nan. To ku tambayi mai tsagar dakwara ko ya yi arziki a shekarun. Tun 1969 kamfani ɗaya ne ke da ikon fitar da ɗanyen ƙaro, sai 2009 aka karya wannan. Shekara 40 manomi ba shi da wurin kai ƙorafin farashi. A gabana mutane suka sare gonakin dakwara suka yi gawayi, suka shuka dawa, don itacen bai biyan wahalarsa. Ba Bature ne ya sa hannu a wannan dokar ba. Ina tare da Alhaji, a fara share tsakar gida.

Hajiya_Ubayyid:
Baba, Allah ya ja kwana. Ka taɓo inda ke min ƙaiƙayi. Ni tsintar ƙaro ce sana'ata, mata ashirin da wani abu ke aiki a ƙarƙashina kafin yaƙi. Wanda bai sani ba ya ɗauka ƙaro tsinto shi ake yi kawai. Sai damina ta ɗauke, ganye ya fara zuba, sannan a shiga daji da sonki, ƙarfen tsaga, a ɓare bawon reshe, ƙaya na yagar mutum. A jira kamar kwana arba'in kafin ɗiban farko, daga nan duk bayan mako biyu a koma. Idan ya iso wurinmu sai mu baje a tabarma, mu ware manyan ƙwallaye masu haske gefe guda, mu kankare ɓawo da yashi da ɗan wuƙa, gari kuma a tankaɗe. Hashab, wato ƙaron dakwara, daban, ɗalha na wani itacen daban, wanda ya gauraya su ya ɓata sunansa a kasuwa.

A da in ana gwanjon ƙaro a kasuwar Ubayyid duniya na saurare. Yanzu fa? An buɗe hanyar garin a Fabrairun 2025 muka ce Alhamdulillahi, sai ga garin Nuhud ya faɗa hannun RSF, dakarun da ke yaƙi da sojojin gwamnati, a Mayu. Ƙaron yamma ba ya isowa, ya juya Chadi da Sudan ta Kudu, a can a sauya masa buhu a ce nasu ne. Matan nawa saura shida, su ma ba kullum ba. Idan ana maganar tallafa wa mai fitar da kaya, don Allah a tuna akwai hannayen da kayan ke bi kafin su kai gare shi.

Abba_Damazin:
Ni abin da ban gane ba, mu ke da kusan kashi 70 cikin 100 na ƙaron duniya, me ya sa muke roƙo? A 2007 jakadanmu a Washinton, John Ukec Lueth, ya ɗaga kwalbar Coca-Cola gaban 'yan jarida ya ce za mu iya tsayar da ƙaro. Mu tsayar ɗin mana, wata shida kacal, mu ga wanda zai fara neman sulhu.

Hajiya_Ubayyid:
Ɗana Abba, manyan kamfanonin suna da ajiyar watanni a rumbunansu. Mai tsagar dakwara ba shi da ajiyar mako ɗaya. Wa zai fara durƙusawa?

Mai_Gyada_Kosti:
Abba, an taɓa gwada irin wannan a kanmu, ba sai an ba ni labari ba. Afrilun 2020 ma'aikatar ciniki ta hana fitar da ɗanyar gyaɗa, aka ce a matse ta a gida a sami mai da ƙuli, a ƙara mata daraja. Maganar a baki daɗi gare ta. Amma sanarwar ta zo wa mutane da kaya a hannu. Ni na riga na saya, na ɓare, na zuba a buhuna, akwai wanda muka yi alkawari da shi. Farashi ya faɗo, na sayar wa masu injin mai yadda suka ga dama. Wanda muka yi alkawarin da shi bai sake ɗaga wayata ba har yau. Daga baya an sake buɗewa, amma mai saye in ya koma Indiya ko Sanigal ya sami wanda ba ya saɓa masa, da wuya ya waiwayo. Alhaji, in da ni ke rubuta takardar nan, zan ce kada a ƙara hana ko halatta wani kaya sai an sanar tun kafin shuka.

Injiniya_Madani:
Ban yarda a yi watsi da manufar ba saboda an aiwatar da ita ba daidai ba. Faransa ba ta da itacen dakwara ko ɗaya, amma ita ce kan gaba wajen sayar da sarrafaffen ƙaro. Su narkar, su tace, su busar ya zama gari, su sa masa lamba E414, ribar ta tsaya can. Har yaushe za mu riƙa ɗora ɗanye a jirgi? Abin da na yarda da kai a kai, ba a hana fitar da ɗanye sai an tanadi wuta da injin. Yanzu kam masana'antun Bahri da na Jazira yawancinsu an kwashe ko an ƙona, saboda haka ba lokacinsa ba ne.

Bako_daga_Maigatari:
Salamu alaikum 'yan'uwa, baƙo ne daga Najeriya, ina karatu ina jinjina kai. Ciwon iri ɗaya ne. A Agustan 2025 aka hana fitar da ɗanyar kaɗanya a wurinmu na wata shida, da hujja irin ta gyaɗarku, farashi kuwa ya rikito a kan matan ƙauye masu tsinta. Game da tallafin kuɗi da abokan Alhaji ke nema, muna da irinsa, ana ce masa EEG. An taɓa dakatar da shi na shekaru, in an tashi biya kuma sai a ba ka takardar alkawari maimakon kuɗi, kuma manyan kamfanoni masu lauyoyi da akantoci su suka fi cin moriya. Ku yi hattara da wani abu ma: a 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, ba don siyasa ba, don maganin ƙwari da ake zuba masa a rumbu. Ku nemi ɗakin gwaji mai inganci kafin irin wannan ta same ku a riɗi.

Sawakni_Jidda:
Maraba da baƙo. Maganarka ta ƙarshe ita ce tamu mu masu dabbobi. Ni a kasuwar tumaki ta Jidda nake. Ragonmu na Hamari, wanda nan ake kira Sawakni, ba ya neman talla, Balarabe da kansa yake tambayarsa lokacin layya. Abin da ke tsayar da shi takardar likitan dabbobi ce. Oktoban 2019 da zazzaɓin Rift Valley ya ɓulla, Saudiyya ta rufe ƙofa, dabbobi suka yi ta cin abinci a killace a tashar Sawakin ta Sudan ba ranar tafiya. Bayan an buɗe kuma an sha mayar da jirgi ɗungurungum saboda gwajin jini ya nuna rigakafin bai kama ba. Na taɓa tsayawa a bakin tasha ina kallon jirgin da ke ɗauke da rabon kayana yana juyawa. Rago ya yi kwanaki a teku, ya koma ya rame, wasu sun mutu. A ranar 'yan Barbara na Somaliya suka cika kasuwa.

Ku tuna kuma Yunin 2022, jirgin Badr 1 ya nutse a tashar Sawakin da tumaki kusan 15,800, alhali an ce 9,000 ne ƙarfinsa. Wane takunkumi ne ya loda masa fiye da kima? Allurar rigakafi mai kyau, sanyin ajiye ta, wurin killacewa mai ruwa da inuwa, jirgi mai lafiya. Ni tallafin da na sani ke nan.

Ustaz_Riyad:
Bari in ƙara a kan tambayar asali, don kada a ce na karkata wuri ɗaya. Ta fuskar kuɗin fito, Sudan na cikin masu sa'a. Turai tun 2001 ta yafe wa ƙasashe mafiya ƙarancin ci gaba fito a kan komai ban da makamai, muna ciki. Sin ta yi irin haka daga 1 ga Disamban 2024. Muna cikin yankin ciniki maras fito na Larabawa, muna cikin COMESA, kasuwar bai ɗaya ta gabashi da kudancin Afirka. Saboda haka wanda ya ce fiton waje ne ya hana riɗi tafiya bai duba takarda ba. Takunkumin Amurka na 2025 kuma, na Janairu a kan Hamidti jagoran RSF ne da Burhan shugaban sojoji, da wasu mutane da kamfanoni masu alaƙa da ɓangarorinsu, na tsakiyar shekara kuwa ya fi shafar abin da Amurka ke sayar mana da bashin gwamnatinta. Ba su haramta riɗi ba, sai dai sun ƙara wa bankunan waje dalilin nesanta kansu.

Babban ciwon shi ne hasa'il, wato kuɗin kayan da ka fitar, wanda doka ta ce ka dawo da shi ta banki cikin wa'adi. Idan farashin banki ya yi nisa da na kasuwa, kowace dala da ka dawo da ita an yanke maka wani abu. Kafin Fabrairun 2021 hukuma na cewa dala jine (fam ɗin Sudan) 55, sai rana ɗaya aka mayar da ita 375, wato inda kasuwa take tuntuni. Ku auna abin da mai gaskiya ya yi ta asara kafin ranar. A nan Saudiyya sun kafa bankin fitar da kaya a 2020, yana ba da bashi da inshora idan mai saye ya ƙi biya. Ba na cewa mu yi gasa da su, aljihun ba ɗaya ba ne, amma inshorar ita ce abar kwaikwayo.

Abu_Fatima_Kassala:
Kowa ya ɗora wa gwamnati, ba wanda ya taɓo mu 'yan kasuwa. Ƙasa na cikin yaƙi, da wace dala za a sayo fetur da alkama da magani idan hasa'il bai dawo ba? Kuma duk mun san warraƙa, masu hayar rajistar fitar da kaya. A yi rajista da sunan wani talaka, a fitar da kwantenoni, kuɗi su maƙale a waje, in an zo kamu a tarar da mutumin da ko keke ba shi da shi. Su suka ja aka tsananta wa kowa. In za ku rubuta takarda ku rubuta har da laifinmu.

Mai_Gyada_Kosti:
Malam Abu Fatima, ba a musa ba. Amma me ya haifi warraƙa in ba tazarar farashin da Ustaz ya faɗa ba? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Abba_Damazin:
Ku faɗi gaskiya mana, wa ya wawashe rumbunan ƙaro a Khartum? Wa ya hana kaya tafiya Masar daga yankunansa a Oktoban 2024? RSF ce. Kuna ta zagaye-zagaye.

Mai_Kula_da_Zaure:
Abba, abin da ka faɗa game da hanin Oktoban 2024 sananne ne, ba a goge ba. Amma a tsaya nan. Akwai 'yan zauren da iyalansu ke zaune a ɓangarorin biyu, kalma ɗaya na iya ja musu. A koma kan takardar Alhaji.

Inna_Mai_Shayi:
Ni ba mai fitar da kaya ba ce, shayi nake sayarwa a bakin tasha. Amma tun da aka hana shigo da kayan Kenya a Maris ɗin 2025 na san mene ne takunkumi. Ganyen da na saba da shi na can ne. Sai da na riƙa rage cokali, masu sha suna cewa Inna shayinki ya canja. Manya su yi faɗa a Nairobi, abin ya sauka a butata.

Manomi_Fashaga:
Alhaji Dan_Gadarif, kar ka ji haushi, amma ku 'yan kasuwa kuna maganar asara kamar daga kanku ta fara. Riɗi ba ya jira. In ya nuna, kwanaki kaɗan gare ka ka yanke, ka ɗaure, ka jingina shi tsaye ya bushe, in ka makara kwanso ya fashe ya zube ƙasa. A kwanakin nan jungu, wato leburorin kaka, ke faɗin kuɗin da suka ga dama, kuma a hannu suke so, ga takardar kuɗi ta yi wuya tun canjin kuɗin Disamban 2024, ba kowane lebura ke karɓar Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, ba. Kuɗin noman kuwa ko salam ne, an yanke maka farashi tun kana shuka, ko shel, wato bashi daga ɗan kasuwa, wanda ya fi zafi. Ranar da na kai kaya kasuwa kowa ya kawo nasa, farashi na ƙasa, mai bashi na tsaye a kaina. Duk abin da direba ya biya a shinge, da kamashon Dubai na Ustaz, da tazarar dala, a kaina suke taruwa, don ni ne ba ni da wanda zan tura wa. In gwamnati ta ba ku tallafi, ta wace hanya zai iso gonata?

Dan_Gadarif:
Ban ji haushi ba ɗan'uwa, ni ma ɗan manomi ne, kuma ba ni da amsar tambayarka. Ga abin da zan kai wa dattawa gobe in Allah ya kai mu. Na cire maganar harajin Trump da neman a biya mu kuɗi. Layin farko, a karɓi duk abin da za a karɓa wuri ɗaya a kasuwar amfanin gona, a ba da takarda ɗaya da za ta kai mota har tasha. Sai a bar mai hasa'il ya sayar da dalarsa a farashin da ba zai cuce shi ba. Na sa maganar Mai_Gyada ta sanarwa kafin shuka, da ɗakin gwajin da baƙonmu ya ambata. Na bankunan waje ban san yadda zan rubuta shi ba, Ustaz ka taimaka da layi biyu.

Ustaz_Riyad:
Zan turo maka da daddare. Amma ni da hasa'il na sa a farko. Shinge na cin ɗaruruwa, canji na cin dubbai.

Direban_Haya:
Ustaz, kai ba ka kwana a ƙarƙashin mota ba. Alhaji a bar shi yadda ka tsara. Sai dai a rubuta ƙarara wa zai hukunta wanda ya tare mota bayan ta nuna takardar, don an sha sanar da cire shingaye, mako biyu igiya ta dawo.

Abu_Fatima_Kassala:
Ban ga layin warraƙa ba.

Hajiya_Ubayyid:
Alhaji, takardarku ta riɗi ce, na sani. Amma in akwai sauran wuri a ƙasa, a sa mana hanyar Ubayyid zuwa Kosti, a tsare ta. Ina da buhu goma sha ɗaya na hashab tsintacce tun watan jiya, direbobi uku na kira, kowa ya ce sai ya ji labarin hanya tukuna.